Gishirin Miyar Talatu

A unguwarsu a Baure, in ana maganar miyar kuka sai an ambaci Talatu. Shekara shida tana fama da farfaɗiya, amma tunda aka ɗora ta a kan magani faɗuwar ta yi sauƙi. Sai wani abu ya maye gurbinta. Za ta shiga ɗaki ta tsaya, ta rasa abin da ya kawo ta. Wani lokaci sunan ludayi ma sai ya ɓace mata a baki. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kunya.

Ran nan Kubura, yayar mijinta Kalilu, ta zo musu yini. Loma ɗaya ta kai baki ta tsame hannu.

"Talatu, gishirin Bilma kika juye gaba ɗaya?"

Talatu ta ɗanɗana. Ta dubi Kalilu, wanda har ya ci rabin malmalarsa.

"Baban Raihana, tun yaushe nake yin haka?"

Ya sosa ƙeya. "Tun kafin girbi. Ba kullum ba ne fa."

"Kuma kake ci?"

"To ke kika dafa. Ruwa nake ƙarawa."

Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Kubura ta jawo ta jikinta, tana yi wa ƙanenta faɗa: shirun nan nasa ba gata ba ne, asibiti ya kamata.

Washegari Kalilu ya ɗauki Talatu a babur zuwa asibitin Daura. Likita ta ce ba hauka ba ne, ba kuma sakaci ba. Ciwon yakan taɓa tunani, maganin ma yakan ƙara. Ta gyara mata maganin, ta ja kunnenta kada ta daina sha da kanta. Ta ce duk abin da ta yi, ta riƙa faɗinsa da baki.

Mantuwar ta ragu, ko da yake ba ta tafi duka ba. Yanzu in Talatu na girki sai a ji muryarta: "Na sa gishiri!" Da farko maƙwabciyarta Fadila ta zaci da ita ake, ta amsa ta bayan katanga. Daga nan abin ya zame musu jiki.

"Fadila, na sa?"

"Kin sa tun ɗazu. Daddawa ce ban ji ba."