Takalmin da Malam Ya Ƙi Takawa

Likitan bai ma daɗe yana kallon gyambon ba. Ya duba babban yatsan ƙafar hagun mijina, ya latsa gefensa, ya tambaye shi ko ya ji zafi. Malam ya ce ko kaɗan, har da murmushinsa, shi a dole jarumi. Sai likita ya ce a miƙo masa takalmin.

Takalmin aiki ne, irin wanda kamfanin kayan ginin da yake gadi ya raba wa masu tsaron ƙofa. Baƙi ne, mai tsini a gaba, ga tauri kamar bokitin roba. Likita ya zura hannu ciki ya laluba, ya zaro hannun yana yamutsa fuska.

"Baba, ciwon sugan nan ya kashe maka jin ƙafa. Takalmin nan yana cin namanka kana tsaye, kai ba ka sani ba. A nemo maka na fata, fatar gaske mai laushi, mai faɗi a gaba, wanda ba ɗinkin da zai riƙa gogar yatsa daga ciki. In ka ci gaba da sa wannan, nan gaba ba maganar yatsa za mu yi ba, maganar ƙafa za mu yi."

Muna fitowa Malam ya ce, "Su likitoci ai haka suke, sai sun tsorata mutum. Abin da ko ciwo ba ya yi min."

Na ce, "Malam, rashin ciwon shi ne ciwon. Da kunnenka ka ji, ko a gida ka baro shi?"

Ya yi dariya ya ce, "To, Sarkin faɗa, an fara."

Haka yake kirana tun muna yara sabbin aure, kuma ban taɓa musa sunan ba. Washegari na rufe keken ɗinkina da zane, na ɗauki ɗan abin da na tara, na shiga gari neman takalmi.

Shagon farko irin mai gilashi ne tun daga sama har ƙasa, sanyi na busa ka tun daga bakin ƙofa. Takalma a jere, kowanne da fitilarsa a kai. Na nuna wani na tambayi kuɗinsa. Da yarinyar shagon ta faɗa, sai na ce mata ni ƙafa ɗaya nake son rufewa, ba gidan haya nake nema ba. Ta dube ni daga ɗankwali har silifas, ta ce ba a ragi a nan. Na ce Allah ya kawo kasuwa, na fita raina a ɓace.

A kasuwa na faɗa hannun wani mai zaƙin baki. Tun kafin in buɗe baki ya mayar da ni Hajiya, ya share min benci da hularsa. Ya ɗauko wani sau-ciki mai ƙyalli, ya lanƙwasa shi gaba da baya, ya rantse da abin da zai kashe shi cewa fata ce zalla, wai manyan ma'aikata ma wurinsa suke saye. Na biya, na kai gida. Malam ya sa shi ranar hutu muka je duba ƙanwarsa, kafin mu dawo bayan takalmin ya fara saɓa kamar tsohon fenti. Leda ce aka liƙa a kan tsumma.

Ban ko ci abinci ba na koma. Na ajiye masa takalmin a kan tebur a gaban masu ciniki, na kama bakin ledar na ja, ta taho tun daga dunduniya har hanci.

"Wace dabba ce ke da irin wannan fatar? Ka faɗa min sunanta in je in gani."

Ya fara kame-kame, wai ba a mayar da kayan da aka taka. Na ce to ni ma ba inda za ni, nan zan wuni, duk wanda ya tsaya sai na nuna masa. Mutum biyu suka ajiye abin da suka ɗauka suka wuce. Kafin na uku ya ajiye, ya zaro kuɗina ya miƙo yana cewa mata ba su da haƙuri. Na ce maƙaryata su suka cinye haƙurin.

Daga nan na daina yarda da bakin kowa. Da yamma, lokacin da ƙafar Malam ta fi kumbura bayan tsayuwar wuni, na sa ya taka kwali na zana ƙafar da biro, na yanke da almakashina. Da wannan kwalin na riƙa yawo. Duk takalmin da na gani sai na cusa kwalin ciki, in ya lanƙwashe na ajiye. Na koyi shinshina takalmi a gaban mutane ba kunya. Na koyi duba bakin fatar inda aka yanke, da latsawa da yatsa in ga ko za ta yi tamoji ta koma. Na bi 'yan gwanjo layi-layi, wasu takalman sun sha duniya har sun gaji, wasu ƙafar dama da ta hagu ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ƙafata ni ma ta yi bororo, ɗinkin mutane yana jibge a gida suna ta bugo waya.

Inda ban zata ba na same shi. Wani tsohon shago ne a bayan tashar mota, mai shi dattijo, yana kwashe kaya zai bar wa ɗansa wurin ya sayar da wayoyi. Daga can saman kanta ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe. Rabin but ne, takalmi mai kaiwa idon sawu, baƙi, mai igiya, faffaɗa a gaba, fata ciki da waje, ƙasansa ɗinkakke ba liƙi ba. Na zura hannu har ƙarshe, babu abin da ya karce ni. Na cusa kwalina, ya kwanta lafiya lau har da sauran wuri. Dattijon ya ce samari ba sa so, wai yayinsa ya wuce, shi ya sa ya kwana a nan. Ya sallama min a kuɗin da bai kai na ledar nan da kuɗin motar da na ƙona ba. Na rungume kwalin takalmin a mota kamar za a ƙwace.

Malam ya buɗe kwalin. Ya ɗauko ƙafa ɗaya ta takalmin ya juya ta a hannu, ya shafa, ya shinshina. Ya sa, ya taka daga gado zuwa ƙofa a kan tabarma, yana ɗaga ƙafa a hankali.

"Kai, wannan ai na manya ne. Ko manajanmu ba ya sa irinsa."

"Naka ne. Gobe da shi za ka aiki."

"Aiki? Cikin siminti da baƙin mai? Ki bari dai a samu wata hidima."

Nan fa jinina ya hau. Don na san mutumin da nake aure. Rediyon da ya saya tun kafin a haifi autarmu har yau ledarsa na jiki. Agogon da 'yarsa ta kawo masa yana cikin durowa, batirin ya mutu bai taɓa ɗaura shi ba. Akwai shadda a ƙasan akwati da ke jiran ranar da ta isa a sa ta, asu ya riga shi. Shi a wurinsa abu mai kyau ba na amfani ba ne, na ajiya ne, haka ya tashi a gidansu ya ga ana yi.

Na ce, "Hidimar ita ce ƙafarka. Ban yi yawon nan don in kawo wa akwati ado ba."

A gabansa na ɗauki tsohon takalmin kamfani, na sauka bene, na jefa shi cikin durom ɗin shara. Na dawo ina haki na ce in ya ga dama ya tafi ba takalmi.

Ya ce, "Shi ke nan, Sarkin faɗa, kin ci."

Kuma na ɗauka na ci ɗin. Kowace safiya sai ya zauna bakin gado ya sa safa, ya ɗaure igiyar but ɗinsa, ya rataya jakar abincinsa, ya yi min sallama. Ina jin takunsa a matakala har ya ɓace. Da yamma ya dawo da shi a ƙafa yana ƙyalli. Shi yake goge abinsa da burushi, ba ya bari ko 'ya'yansa su taɓa, ya mayar kwali ya tura ƙarƙashin gado. Ina kallo ina jin daɗi, ina cewa a raina ashe dai mutum yana canzawa. Wankin gyambon ma ya ce in huta, akwai mai kemis kusa da wurin aikinsu yana yi masa. Da na fara jin wani wari na yi magana, ya ce safa ce, ruwan sama ya hana ta bushewa.

Ina tsakiyar sa wa wata riga hannu aka bugo waya. Abokin gadinsa ne, wani dogo da suke kira Sanda. Ya ce Malam ya yanke jiki ya faɗi a bakin get, jikinsa zafi rau, suna asibiti.

Na same shi a kan gadon da ake tura marasa lafiya, idonsa a rufe, nas tana yanka takalmin ƙafarsa da almakashi saboda ya ƙi fita. Na tsaya ina kallon takalmin. Baƙi, mai tsini, tauri kamar bokiti. Wanda na jefa a shara ne da hannuna. Da aka ɓare shi, warin da ya tashi sai da nas ɗin ta kau da kai. Ba zan faɗi abin da na gani ba, amma ƙafar ta yi baƙi har sama da idon sawu.

Sanda ya miƙo min jakar Malam a baranda. Na buɗe. Kwanon abinci a gefe, sai wani abu naɗe cikin tawul mai tsabta. But ɗin ne. Na juya ƙasansa, ko ƙwarzane na kirki babu, iyakarsa daga ɗakinmu zuwa ƙarƙashin matakala, inda yake tsayawa ya sauya.

"Kullum da shi yake zuwa a jaka," in ji Sanda, yana sunkuyar da kai. "In an tashi cin abinci sai ya fito da shi ya nuna mana. Ya ce matarsa ce ta zaga gari kaf ta nemo masa, babu mai irinsa. Na ce masa ya sa mana, sai ya ce wurin nan zai lalata shi."

Wallahi da a ce Malam yana tsaye a lokacin, da sai an raba mu. Na zauna a benci da takalmi a cinya, ban san ko kuka nake ko zagi ba. Na zagi kamfanin da ya raba wa mutane roba su tsaya a ciki wuni guda. Na zagi mai ledar kasuwa. Na zagi gidan da aka koya wa yaro cewa shi bai kai ya mori abu mai kyau ba. Shi kansa Malam na zage shi tas a cikina, mutumin da ya tsuguna ya tono shara don ya tausaya wa fatar saniyar da ta riga ta mutu, ya bar tasa tana ruɓewa.

Likitan nan ne dai na farko. Bai ce ai na faɗa muku ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ce in ana son ransa, sai an cire daga ƙasan gwiwa. Na sa hannu.

Da rana tsaka Malam ya farfaɗo sosai, kwana biyu bayan aikin. Ya dubi inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu, ya daɗe yana kallo. Na shirya maganganu cike da baki, na tsara su tun a baranda, amma na ga yadda ya rame sai na haɗiye. Na ba shi ruwa ya sha. Ya juyo da kai a hankali.

"Sanda ya ba ki jakata?"

"Ya ba ni."

"Takalmin yana ciki ko? Kar ki bar shi a ƙasan gado, masu shara suna kwara ruwa a nan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizgo jakar, na warware tawul ɗin, na yaye bargon daga ƙafarsa ta dama. Na sa masa safa, na cusa ƙafar cikin but, na ɗaure igiyar tamau. Majinyacin gado na kusa ya ɗago yana kallo, matarsa ta ce baiwar Allah lafiya, na ce ta ji da nata.

"Za ka sa shi, Malam. A gadon nan za ka sa shi. Da shi za ka shiga banɗaki, da shi za ka taka taɓo da siminti da duk ƙazantar da ke garin nan, har sai ya yage na gani da idona. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Sarkin faɗa."

Ya motsa yatsunsa a ciki, ya ce ashe laushi gare shi haka. Sannan idonsa ya sauka kan na hagun, yana zaune shi kaɗai a kan tawul, baƙi, sabo ƙal, igiyarsa a kwance.

"Wancan ɗin ki mayar da shi kwali," ya ce. "Kar ya yi ƙura."

Na ce, "A ajiye wa wa?"

Ya mayar da idonsa kan inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu.