Shafin Farko da Ba Wanda Ya Karanta

A gidansu Farfesa ake ce mata tun tana firamare, don ko kwanon abinci sai ta ƙirga. Da ta gama karatun lissafi, kawunta ya ɗauke ta aiki a kamfaninsa na haɗa lifta, na'urar da ke ɗaukar mutane sama da ƙasa a bene.

Wata takwas ta yi tana rubuta hujjar lissafi cewa manhajar da ke sarrafa liftarsu ba za ta taɓa buɗe ƙofa tsakanin hawa biyu ba. A shafin farko ta kafa sharaɗi: hujjar tana aiki ne muddin idon lantarkin da ke kowane hawa, mai sanar da lifta ta iso, yana faɗin gaskiya. Kawu ya auna nauyin takardun a tafinsa, ya sa mata albarka, ya sa aka manna takarda a kowace lifta: "Lissafi ya tabbatar, ba ta kuskure."

"Kawu, ba haka na ce ba."

"Ke dai da tsawaita zance, kamar uwarki," ya ce yana dariya.

Shekara ba ta zagayo ba, maiƙo ya rufe idon hawa na huɗu a wani bene. Ƙofa ta buɗe a inda bai kamata ba, wata mai shara ta taka, ta faɗi, ta karye a cinya.

Aka kira Farfesa gaban kwamitin bincike. Ɗakin ba taga, fanka ɗaya ce ke juya zafi. Kawu na zaune a bayanta, tana jin numfashinsa.

"Malama," in ji shugaban kwamitin, "hujjarki daidai ce ko kuskure? E ko a'a."

"Daidai ce, ranka ya daɗe."

"To ƙafar baiwar Allahn nan ce ta yi ƙarya?"

Wani ya yi dariya. Farfesa ta dubi mai sharar, wadda ke gefe da sanduna biyu. Ta san in ta yi shiru an mai da ita maƙaryaciya, in ta yi bayani kuma ta tona asirin ƙanin mahaifiyarta. 

"Lissafi ba ya ganin ƙarfe ko maiƙo," ta ce a hankali. "Abin da aka ba shi yake bi. Na tabbatar cewa in ido ya faɗi gaskiya, ƙofa ba za ta buɗe ba. Ban tabbatar ido ba zai makance ba. Yana rubuce a shafin farko."

"Wa ya ga shafin?"

Ba ta waiwaya ba. "Na miƙa wa mai kamfani."

Shugaban ya yi rubutu, ya karanto: "An gano cewa hujjar lissafi ba abin dogaro ba ce."

"Wannan ma ba haka na ce ba."

"Lokacinki ya ƙare, Malama."

Tana saukowa matakala wayar mahaifiyarta ta shigo.

"Ki wuce gidan kawunki ki ba shi haƙuri kafin ki zo min nan."

Ta je. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma a falo, ta ce yana ciki, bai ce a shigo da kowa ba. Farfesa ta cire takalmi, ta zauna.