Iyakar Gonata a Teku

Gonar da ubana ya bar mini cikin teku take, kamar ta kowa a tsibirinmu na Karkana. Mukan kafa shingen rassan dabino, kifi ya bi shi har cikin tarko. Bayan guguwar bana, maƙwabcina Munsif ya sake kafa nasa shingen, ya shigo mini.

Na kai ƙara wurin sabon jami'in da aka turo daga birni.

"Inna Mabruka, gona a ruwa? Ina iyakarta?"

"Shiga kwalekwale ka gani, ɗan nan!"

Muka tafi mu uku har da Munsif. Na ce wa jami'in, inda karkataccen dabinon bakin gaɓa ya rufe hasumiyar masallaci, nan ne iyaka tun kakanni.

Ya duba, ya sake dubawa. "Wane dabino?"

Na waiwaya. Ga hasumiya, ba dabino.

Munsif ya tuntsire da dariya. "Ba ke kika sa aka sare shi bara, kika yi azarar ɗaki ba?"

"Duk da haka ka ci mini iyaka, ɓarawo!"

Jami'in ya ce in nuna daga ina. Na ɗaga hannu, ruwan duk iri ɗaya, na rasa inda zan nuna.