Salsalar Malaman da Suka Ci Koriya

Tun da gari ya waye Ummulkhair take zarya a falon gidansu na unguwar Bur Dubai a birnin Dubai, da doguwar takarda a hannu, tana rera sunayen Japanawa da ƙarfi. Louisa, 'yar Kafanchan da suke haya tare, ta leƙo daga kicin da kofin shayi.

"Ke wai tilawa kike yi ne? Muryarki sak ta malamin zaure."

"Ai a zauren na koyo," in ji Ummulkhair, tana dariya.

"To khalas, ya isa haka, sa takalminki. Yalla, kada mu makara."

Yau ɗalibai huɗu 'yan digiri na biyu za su gabatar da bincikensu a gaban Farfesa Okabe, wani dattijo masanin tarihi da ya zo daga Japan. Mutum ɗaya zai zaɓa ya yi wata shida a birnin Kyoto na Japan yana tonon tsoffin takardu. Shekara biyu Ummulkhair tana fama da haruffan Japananci saboda wannan rana, har Louisa ta fara cewa kaji ne suke mata rubutu.

Abin da take nema shi ne inda Japan ta samo tunanin mamaye maƙwabtanta. Kowane mai wannan bincike da jiragen yaƙi yake farawa. Ita kuwa 'yar malamin zaure ce a Kano, kuma mahaifinta ba ya buɗe littafi sai ya jero salsalarsa: na karanta a wurin wane, Allah ya jiƙansa, shi kuma a wurin wane, Allah ya jiƙansa. Saboda haka da ta ga sunayen manyan da suka haɗiye Koriya, tambayar da ta fara zuwa mata ita ce wa ya karantar da su. Ta bi malami zuwa ɗalibi, ɗalibi zuwa nasa ɗalibin, sai ga takarda ta kusa kai tsawonta.

Suka tsallake ruwa a abra, ɗan kwalekwalen fasinja, iska na neman ƙwace takardar, suka ɗauki tasi zuwa Port Saeed, inda jami'arsu take. Zuciyarta sai tsalle take yi, murna ta fi tsoron yawa.

Ita ce ta uku. Ta warware takardar a jikin allo, Louisa ta riƙe mata gefe ɗaya.

"Wannan malami na sama," ta ce da Turanci, "shi ya koyar cewa Japan ce cibiyar duniya, ba Sin ba, domin sarkinta jinin allolinsu ne. Ɗalibansa suka ce ai cibiya ita ya kamata a bi. Da jiragen Amurka suka zo suka tilasta musu buɗe tashoshinsu, sai wannan matashin ya rubuta cewa abin da Turawa suka ƙwace, a rama shi a Koriya da Manchuriya. Makarantarsa ba ta fi zauren babana girma ba. An kashe shi bai cika talatin ba, amma yaran da suka zauna a tabarmarsa su ne suka zama firaministoci."

Ta ga farfesan ya ajiye alƙalami ya gyara zama. Nan fa ta saki jiki, ta shiga jero salsalar daga sama, muryarta ta hau karin mahaifinta ba tare da ta lura ba. Wane ya karanta a wurin wane, wane a wurin wane. Da ta zo kan suna na ƙarshe, wani malamin jami'a da ya yi ta rubuce-rubucen halatta mamayar lokacin yaƙi, sai bakinta ya ƙarasa da kansa.

"Allah ya jiƙansa."

Louisa ta zaro ido. Farfesan ya ɗaga yatsa.

"Wannan ba Turanci ba ne, ba kuma Japananci ba. Me kika ce?"

Kunya ta rufe Ummulkhair. Ga wata ɗaliba 'yar Koriya a layin gaba tana kallonta. Tana iya cewa bismillah ce ko wani abu makamancin haka, babu mai ganewa sai Louisa. Amma ta tuna ba a yi wa malami ƙarya a gaban allo.

"Addu'a ce, Farfesa. A garinmu idan ka ambaci malamin da ya mutu, sai ka roƙa masa rahama. Bakina ne ya saba, ban yi niyya ba." Ta juya ga 'yar Koriyar. "Ki yi haƙuri. Abin da ya jawo muku, ba ni ce zan yafe shi ba."

Ɗalibar ta daɗe tana dubanta, sannan ta gyaɗa kai kaɗan. Ummulkhair ta fara naɗe takardar, a ranta ta riga ta yi sallama da Kyoto.

"Dakata," in ji Farfesa Okabe.

Ya taso a hankali, ya sa yatsa a kan sunan na ƙarshe.

"Wannan shi ya karantar da malamina. Shekara arba'in ina rubutu ina ƙaryata shi, ban taɓa faɗa a bainar jama'a cewa ta hannunsa karatuna ya biyo ba. Takardarki ba ta cika ba."

Ya zare alƙalami daga aljihu, ya rubuta sunan malaminsa a ƙasa, ya ja layi, ya rubuta nasa. Sannan ya miƙa mata alƙalamin.

"Akwatunan wasiƙun wannan da kika yi wa addu'a suna ofishina a Kyoto, ban taɓa bari wani ya buɗe ba. Idan kin zo ki karanta a wurina, kin san inda sunanki zai shiga. Kin yarda?"

Louisa ta matse mata hannu tana raɗa, "Habibti, ƙawata, rubuta mana." Ummulkhair ta dubi ɗan farin wurin da ya rage a ƙasan takardar, ta bi sunayen da ido har sama. Murna ta cika ta, tsoro ma ya cika ta. Ta durƙusa, domin wurin ya yi ƙasa, ta rubuta.