Taku Biyar a Gidan Khala Marta

Lauratu ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya buge ta a fuska, ta ja da baya tana fifita da gefen mayafinta. Naman ya kusa nuna. Ta rage garwashi, ta leƙa tsakar gida. 'Yarta Duha tana nan inda ta ajiye ta, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, tana ta fama da kunnen wani takalmin roba a baki.

Ba ɗakin girkinta ba ne wannan. Na Khala Marta ne, maƙwabciyarsu, mutuniyar duwatsun Nuba wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta ajiye. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu a nan Omdurman, kuma a jikin katangar akwai 'yar ƙofa, nafaj, wadda ba a taɓa sa mata sakata ba. Ranar Sallah, Khala Marta ce ke tsaron tukwanen Lauratu har su sauko daga idi. Yau Kirsimeti, su Khala Marta sun tafi coci tun da hantsi, sai juyi ya zo kan Lauratu.

Duha ta jefar da takalmin, ta rarrafa zuwa gadon igiya da ke gefe, ta kama ƙafarsa ta miƙe. Lauratu ta tsaya cik da ludayi a hannu. Yarinyar ta dubi ƙasa, ta dubi sama, sannan ta koma ta zauna daɓas.

Watanta goma sha tara ke nan a duniya. Bakwaini ce, an haife ta kamar 'yar mage, kuma komai nata a makare yake zuwa. Sa'o'inta na unguwa har gudu suke yi. Duk gidan suna ko biki da Lauratu ta shiga sai an samu mai cewa, "Har yanzu ba ta taka ba?" da muryar tausayi mai ciwo fiye da zagi. Likita kuma ya ce in aka shiga sabuwar shekara ba ta taka ba, a dawo da ita a duba ƙugunta da ƙafafunta. Saura kwana shida. Lauratu ba ta gaya wa kowa tana ƙirga kwanakin ba.

Wajen sha ɗaya sai ga hayaniya a ƙofar gida. Khala Marta ce a gaba cikin farin tob, lulluɓin matan Sudan, mijinta Ammu Yuhanna na biye da sandarsa, sai 'yarsu Rim da dangin da suka zo daga unguwar Haj Yusuf, kowa fes da sababbin kaya.

"Kullu sana wa intu tayyibin, Khala!" in ji Lauratu, tana yi mata barka da idi da Larabci.

"Wa inti tayyiba, 'yata. Ba ki ƙona mini nama ba dai?"

"Na cinye rabi, sauran na ƙona."

Khala Marta ta yi dariya, ta sunkuya ta ɗauki Duha. Hausarta ta zama da maƙwabta ce, tana haɗa ta da Larabci yadda ta ga dama. Ta mammatsa cinyoyin yarinyar kamar yadda take yi kullum, sannan ta dubi Lauratu.

"Kin sake kwana kina tunani. Fuskarki ta faɗa mini. Na ce miki bakwaini da nasa lissafin yake zuwa. Ina ubanta?"

"Yana gareji a Mantiƙa Sinaiya. Wai akwai motar da mai ita zai yi tafiya yau. Ya ce kafin azahar yana nan."

Salahuddin, mijin Lauratu, makanike ne, mutum mai nauyin baki da kamun kai, ɗan gidan malamai. Amma kullum ya dawo daga gareji, kafin ma ya wanke baƙin mai, sai ya riƙe hannuwan Duha ya yi ta zagaya tsakar gida da ita yana "ta-ta-ta". Ya sha cewa, rabi wasa rabi gaske, in ta taka ba ya nan ba zai yafe wa kowa ba.

Aka baza tabarmi. Rim ta zagaya da farantin biskit ɗin ka'ak da alewa, aka kawo shayi. Can sai Ammu Yuhanna ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar ganga da ya zo da ita daga garinsu tun yana saurayi, ya ɗan gasa fatarta a kan garwashi, ya zauna ya soma kiɗa. Mata suka miƙe suka yi da'ira, suna dukan ƙasa da ƙafa, ƙura na tashi. Lauratu na durƙushe tana jera kisra, gurasar dawa mai laushi, a tire, bayanta ga tsakar gida.

Rim ce ta taɓa kafaɗarta. Ta yi mata nuni da leɓe.

Duha na tsaye, hannu ɗaya a jikin gadon, tana gyaɗa kai tare da kiɗan. Sai ta saki. Ta ware hannuwa kamar mai tsallaka ruwa a kan gungume, ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Ta ɗaga ɗayar. Ammu Yuhanna ya gani, idonsa ya fito, amma hannunsa bai tsaya ba. Uku. Huɗu. A na biyar ta faɗa kan gwiwarsa, ta kai wa gangar mari.

Guɗar Khala Marta ta tsaga unguwa. Mata suka amsa. Lauratu ta samu kanta zaune a ƙasa, kisra a hannu, hawaye na zuba, tana dariya tana cewa "Alhamdulillahi" ba adadi.

Da hankalinta ya dawo sai ta tuna da Salahuddin. Ta yi shawarar a rufe bakin kowa, a bari ya zo ya gani kamar yau aka fara. Khala Marta ta girgiza kai.

"Mutum ashirin ne a gidan nan, kuma guɗata ta kai bakin titi. Kira shi kawai."

Ta kira shi. Yana cikin bas a kan gada, cunkoso ya riƙe su. Ta gaya masa. Sai ya tambaye ta:

"Taku nawa?"

"Biyar."

"Wurin wa ta je?"

"Wurin Ammu Yuhanna."

"To," in ji shi. "To. Masha Allah. Kada ku bari ta gaji."

Bayan azahar ya iso. Ya yi wanka a gurguje, ya sa farar jallabiya, ya shigo ta nafaj. Ya gaida Ammu Yuhanna da hannu biyu, ya yi wa mutanen gida barka da idi, kowa na ce masa mabruk. Ko kallon tiren abinci bai yi ba. Ya tsayar da Duha a jikin gadon, ya ja da baya, ya tsuguna.

"Taho, Duha. Taho wurin Baba. Ta-ta-ta."

Duha ta washe haƙoranta shida, ta zauna, ta rarrafo da gudu.

Ya mayar da ita. Ya kaɗa mata makullai. Ta rarrafo. Ya nuna mata alewa, ta rarrafo ta karɓe. Ya kunna mata waya, ya yi mata kukan akuya, abin da Lauratu ba ta taɓa jin ya yi ba tun aurensu. Sau bakwai ana haka. Gwiwar jallabiyar ta yi jawur da ƙasa. Baƙi suka daina dariya, suka soma jin tausayinsa. Ita kuwa Lauratu sai wani tsoro ya fara tsarga mata: ko dai dace ne kawai ɗazu, ba tafiya ba?

Ammu Yuhanna ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗana, ba haka aka yi ba. Yarinyar nan ba wurina ta zo ba. Wa zai yi tattaki don tsoho mai haƙori uku?" Ya ɗauki gangar ya miƙa masa. "Ungo."

Salahuddin ya dubi gangar kamar an miƙo masa garwashi. A gidansu ko tafi ba a yi. Ya dubi Lauratu, ta sunkuyar da kai, don ta san in ta yi magana ta ɓata. Ya dubi Duha, wadda ta riga ta kama gadon ta miƙe, idonta a kan gangar.

Ya naɗe hannun riga. Ya karɓa.

Kiɗan da ya fito ba shi da kai ba shi da gindi. Kamar mai gyaran mota yana buga ƙofar da ta lotse. Rim ta toshe baki. Khala Marta ta soma tafi don ta daidaita shi, sauran mata suka kama, har dai abin ya ɗan yi kama da kiɗa. Duha ta gyaɗa kai. Ta saki gadon.

Wannan karon Lauratu ba ta ƙirga ba. Fuskar mijinta take kallo, bakinsa a buɗe, hannunsa na ta duka ba tare da ya sani ba, har yarinyar ta iso ta faɗa ƙirjinsa. Ya rungume ta tare da gangar. Da ya ɗago, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, kowa kuma ya yarda.

Nan take ya zaro waya ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Sittana, da ke zaune a unguwar Alhilla Kuku, tsohuwar da ko rediyo ta ji an sa waƙa sai ta kashe. Ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Hajiya, albishirinki! Duha ta taka. Da ƙafarta ta zo wurina."

Tsohuwar ta yi hamdala, ta sa albarka, ta ce gobe a kawo mata ita da sassafe. Ana cikin haka Duha ta samu gangar da ke tsakanin gwiwoyin ubanta, ta shiga dukanta da hannu bibbiyu.

"Salahu," in ji Hajiya, "wane irin kiɗa nake ji haka kusa da kai?"

Salahuddin ya gyara zama, ya dubi Ammu Yuhanna, ya dubi matarsa.

"Maƙwabta ne, Hajiya," ya ce. "Yau idinsu."

Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ta tashi ta tafi ɗumamo masa abinci.