Baba, Cire Tabarau

Duk layin nan Darakta ake ce masa. Har matarsa, in ranta ya ɓaci, haka take kiransa tana jan ƙarshen sunan. Ya haura arba'in, kuma rabin shekarun nan fim ne ya cinye su. Shi ne mai rubuta labari, shi ne mai ba da umarni, shi ne jarumi, in mugun cikin fim ya ƙi zuwa saboda ba a ba shi na mota ba, ya manna gemu ya zama mugun. Fina-finan kuwa, kai dai a bar tone-tone. Ana sa su a intanet, a samu 'yan kallo jifa-jifa, rabinsu dangi, sauran kuma masu shigowa su rubuta cewa sun ga inuwar makirufo a bango.

Wurin ɗaukarsa ɗaya ne tal, falon gidansa. Falon nan ya zama ofis, ya zama asibiti, ya zama caji ofis, labule kawai ake canzawa. Abu ɗaya ne ba ya canzuwa: kujerar da ke jikin taga, da tsohon da ke kanta.

Tsohon nan mahaifinsa ne, Baba, mai gyaran agogo da ya ajiye aiki. Ba wanda ya roƙe shi ya shiga fim. Ranar farko da aka shigo da kyamara aka ce ya ɗan koma ɗaki, ya ce kujerarsa ce, ba inda za shi. Da Darakta ya ga ba sarki sai Allah, sai ya rubuta shi cikin labarin: uba mai shiru. Tun daga nan kowane fim akwai uba a jikin taga, ba ya cewa uffan. A asibiti shi ne maras lafiya mai jiran layi, a caji ofis shi ne wanda ya zo beli.

Shirun nan kuwa ba wasan kwaikwayo ba ne. Ranar da Darakta, yana saurayi, ya ajiye ɗan sukudireban gyaran agogo ya ce shi fim zai yi, Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi! Ɗaga kai kawai ya yi daga teburinsa ya ce, "To, Allah ya ba da sa'ar wasa." Wasa. Kalmar nan ta tsaya wa Darakta a maƙogwaro shekara da shekaru, ta ƙi faɗawa, ta ƙi fitowa. Bai taɓa jin Baba ya ce madalla ba, bai taɓa ganinsa ya zauna ya kalli fim ɗinsa ko guda ba.

Shi ya sa a wannan sabon fim ɗin ya yi dabara. Tunda tsoho ba zai faɗa don kansa ba, to, shi zai rubuta masa. A fitowa ta ƙarshe ɗa zai durƙusa gaban ubansa, uban ya dafa kansa ya ce, "Ɗana, ka yi abin kirki. Na yarda da kai." Magana ɗaya ke nan. Darakta ya gaya wa kowa cewa labarin ne ya buƙaci haka, amma shi ya san wa ke buƙata.

An ɗauki rabin fitowar tun watannin baya, daga bakin ƙofa, inda ake ganin ɗan ya shigo ya zube. Ana shirin matso da kyamara kusa don maganar batir ya mutu, aka ce sai wani jiƙon. Kafin jiƙon ya zo idon Baba ya yi rauni, likita ya rubuta masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Yanzu kuma Yaya, babbar yayar Darakta, ta zo da mota. Gobe da safe za ta tafi da Baba garinsu a yi masa aikin ido, kuma ta faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa ya koma wurinta ke nan, ta gaji da ganin ubanta cikin wayoyin lantarki. In ba a ɗauki maganar nan yau ba, an rasa ta.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Darakta tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa fafe gora wata rana daban ba.

Da hantsi aka ɗauke wuta. Dogo mai kyamara, wanda suka taso tare, ya leƙa taga ya ce, "Hasken rana za mu bi. In ya bar fuskar Baba, ni dai ba ruwana."

Mai riƙe makirufo bai zo ba, sai aka ɗaure makirufon a sandar goge ƙasa aka danƙa wa matar gida.

"Tukunyata na kan wuta fa, Darakta," ta ce.

"Minti biyu ne kawai."

"Minti biyunka na sani. Da shi na yaye yara biyu."

Darakta ya shafa man zafi a ƙasan idanunsa don hawaye su zo, ya je gaban mahaifinsa ya russuna. "Baba, don Allah a cire tabarau. A ɗaukar farko ba ka da shi. In aka haɗa hoton, za a gan ka ba tabarau, a ƙifta ido a gan ka da shi. Masu kallo ba sa yafe irin wannan."

"Masu kallon nawa ne?" in ji Baba. Amma ya cire, ya ajiye a cinyarsa.

Darakta ya zube a gwiwoyinsa. To, ga wahalar mai yin aiki biyu. Ɗan da ke durƙushe kuka ya kamata ya yi, amma daraktan da ke cikin ɗan ba ya da lokacin kuka. Ido ɗaya na zubar da hawaye, ɗayan na kan labule, kan sandar makirufo, kan hasken da ke zamewa daga goshin tsoho. Daga durƙuson yake ɗaga murya ya ce "Akshin!" a fara, daga nan kuma yake cewa "Kat!" a tsaya.

"Akshin!"

"Ɗana, ka yi abin..."

Ƙiiii! Mai walda na ƙofar gida ya tayar da janareta, ya kunna injin yankan ƙarfe.

"Kat! Wayyo Allah, wannan mutumin me na tsare masa?"

Ya fita da hawayen man zafi shaɓe-shaɓe ya roƙi mai walda, mai walda ya ɗauka mutuwa aka yi, har ya fara jajantawa. Aka dawo, aka sake. Wannan karon Baba ya faɗi maganar har ƙarshe, amma kamar mai gaya wa kwastoma kuɗin gyara.

"Kat. Baba, da ɗan tausayi. Ɗanka ne fa a gabanka."

"Ni ba na ganin kowa a gabana. Wani duhu-duhu nake gani yana motsi."

Dogo ya ƙunshe dariya har kyamara ta girgiza. Aka sake, wayar Yaya ta yi ƙara daga ɗaki. Aka sake, makirufo ya sauko ya daki kan Darakta, matar ta ce hannunta ba ƙarfe ba ne. Aka sake, mai tallan tsofaffin ƙarafa ya tsaya daidai tagar yana ƙwala kira kamar an aiko shi. Ƙauri ya taso daga kicin. Gwiwoyin Darakta suka yi tsami, idanunsa suka yi jawur, ransa ya kai maƙura.

"Haba jama'a! Magana ɗaya! Magana ɗaya nake nema a gidan nan!" Ya buga hannu a ƙasa. "Wasu suna can suna ɗauka da motoci da fitilu da ma'aikata kamar ƙasa, ni ga ni da sandar goge-goge. Shekara nawa ina abu ɗaya? Na tsufa a durƙushe! Ko sau ɗaya a rayuwata a ce abu ya tafi daidai, ya gagara?"

Muryarsa ta karye a ƙarshen, kuma wannan ba aikin man zafi ba ne.

Dogo ya ce a hankali, "Haske saura kaɗan. Batir ma ja yake nunawa."

Darakta ya share fuska da hannun riga, ya sunkuyar da kai. "Akshin," ya ce, ba ƙarfi.

Mai walda ya tafi cin abinci, layin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Darakta yana jiran hannu ya sauka a kansa, hannu bai sauka ba. Sai ya ji muryar Baba, ba irin ta ɗazu ba, wata murya ƙasa-ƙasa da bai san tsohon na da ita ba.

"Kai, ɗago in gan ka. Ranar da ka bar min teburin nan, na gaya maka wata magana. Tun ranar akwai abin da nake riƙe da shi, na rasa ta inda zan ɓullo maka. Duk fim ɗin nan da kake yi, in kun fita, ni nakan..."

Darakta ya ɗago. Abin da idonsa ya fara faɗawa a kai shi ne gilashi biyu masu kauri suna ƙyalli a hasken taga.

"Kat! Baba, tabarau! Haba Baba, tabarau!"

Magana zarar bunu ce. Matarsa ta sauke sandar a hankali har makirufon ya taɓa ƙasa. Dogo ya ɗago daga bayan kyamara ya ce, "Innalillahi." Yaya, da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya ta koma ɗaki.

Baba ya ɗan jima bakinsa a buɗe. Sannan ya rufe shi. Ya cire tabarau, ya naɗe ƙafafun tabaran ɗaya bayan ɗaya yadda yake rufe bayan agogo, ya ajiye a cinya. "To," ya ce. "A sake."

Aka sake. Hannu ya sauka a kan Darakta daidai inda aka tsara. "Ɗana, ka yi abin kirki. Na yarda da kai." Ba kuskure ko ɗaya, ba ƙarar komai, haske na kan goshi.

"An samu?" in ji Baba.

"An samu, Baba! An gama fim!" Darakta ya miƙe yana ɗingishi yana tafi. Shi kaɗai yake tafin.

A kicin ya tarar da matarsa tana kankare ƙonanniyar tukunya kamar da ita take faɗa.

"Me kuma na yi?" ya ce.

"Kai wane irin mutum ne, Darakta? Ka san me ya sa Baba ya sa tabaran? Don ya ga fuskarka ya sa. Mutum ya yi shekaru yana tara magana, ya buɗe baki, ka ce masa kat?"

"Ai ba abin da na rubuta ba ne..." Bai ƙarasa ba, don kunnensa ya ji abin da bakinsa ke faɗa.

Ya koma falo da sauri. Kujerar ba kowa, Yaya ta shigar da Baba ɗaki ya kwanta, ta ce kada wanda ya dame shi. Da la'asar baƙi masu sallama suka cika gidan. Duk sanda Darakta ya matso, sai wani ya riga shi zama.

Washegari da safe aka sa kaya a but ɗin mota, aka zaunar da Baba a gaba. Darakta ya durƙusa a jikin ƙofar motar, ba man zafi, ba kyamara.

"Baba, maganar jiya. Ka ce in mun fita kai kakan... Kakan yi me?"

Baba ya dube shi ta cikin gilashin nan mai kauri, ya daɗe yana dubansa. "Ba ka ce an samu ba?"

"An samu, amma wadda ka fara..."

"Kai ne darakta. Abin da ka rubuta na faɗa maka, kuma ka ce ya yi." Ya gyara zama. "Je ka haɗa fim ɗinka, rana na yi."

Yaya ta tayar da mota.

Da rana Darakta ya je shagon mai tace fim, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya a bayan kasuwa. Mai tacewa ya jera ɗaukar jiya a kwamfuta yana bi ɗaya bayan ɗaya yana zubar da marasa amfani. Ya zo kan wadda ta lalace. Ga Baba ya ɗauki tabarau daga cinyarsa, ya sa, ya sunkuyo yana leƙen fuskar ɗansa. Darakta bai taɓa ganin an dube shi haka ba, don a lokacin kansa na ƙasa. "In kun fita, ni nakan..." Sai wata murya mai kaushi ta faɗo daga gefen hoton.

"Wannan ai ta ɓaci, Oga," in ji mai tacewa. "Ga tabarau, ga shi tsohon ya saki layi. In goge?"

"Mayar da ita baya."

Ya mayar. Baba ya sake sa tabarau, ya sake sunkuyowa, ya sake kaiwa "nakan".

"Tsayar nan," in ji Darakta. "Kafin in yi magana."

Hoton ya tsaya, bakin Baba a buɗe. Darakta ya jawo kujera ya matso kusa da allon, ya zauna yana jira.