Ranar da Sista Ta Ajiye Makullai

Ɗakin maza masu taɓin hankali ƙofa ɗaya gare shi, makullan kuma suna rataye a ƙugun babbar nas, wadda kowa ke ce wa Sista. Tun kafin ka gan ta za ka ji kacau-kacau.

Wata Talata likita mai bincike ya kawo takardu. Yana so a riƙa ɗibar jinin majinyata duk mako, har wata uku, amma sai wanda ya yarda ya sa hannu. Sista ta ɗora takardun a kan keken magani, ta raba su tare da ƙwayoyin safe. Mutum goma sha ɗaya, duk suka sa hannu.

"Aiki ya yi kyau, Anti," in ji wata ƙaramar nas.

"Kyan ya yi yawa. Tela, da sai mun taru mu uku kafin a yi masa allura, shi ne na farkon sa hannu?"

Telan nan dattijo ne. An ce Alhamis za a sallame shi, ga shi ya ƙosa ya ga jikar da aka haifa masa yana kwance a nan.

"Ai ya yarda. In ba a yi bincike ba, ina magani mai kyau zai fito? Su ma suna da bakin cewa e."

"Suna da shi. Bakin cewa a'a nake nema."

Ta kwance makullan ta miƙa mata, ta je ta sami tela a kan benci a baranda.

"Baba, takardar ɗazu, me ya sa ka sa hannu?"

"Ke kika ba ni, 'yata. Da magani kika haɗo ta." Ya dubi ƙugunta. "Ina makullan?"

"Na ajiye. Hira na zo."

"In na ce ba na so, Alhamis ɗin tana nan?"

"Tana nan daram. Sallama daban, bincike daban."

"To, ba na so."

"Haba Baba, shekara talatin kana riƙe da allura."

"Ni ke sokawa, 'yata. Akwai bambanci."

Haka ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya a bencin nan. Huɗu suka ce har yanzu suna so, ɗaya ma ya yi ta tambaya sai da ta nemo masa likitan.

Da likita ya karɓi takardu huɗu, sai ya ɓata rai.

"Kin rage min mutum bakwai, Sista."

"Da ma ba naka ba ne, likita. Na makullaina ne."

Alhamis da hantsi ta buɗe wa tela ƙofa, ya fita da ledar kayansa.